Ranakun da Aka Ƙirga da Waɗanda Ba a Ƙirga Ba: Asarar Lokacin Aiki a Nijeriya, 1942–1949

Gabatarwa

A duk ƙasar da aikin albashi ya kafu, akwai wani lissafi da hukuma kan fitar a ƙarshen shekara, watau adadin ranakun aikin da aka yi asararsu. Yadda ake yin wannan lissafi ba shi da wuya. Idan ma'aikata 100 suka bar aiki har kwana uku, sai a rubuta an yi asarar ranakun aiki 300. Abubuwa uku ne galibi kan jawo irin wannan asara: yajin aiki, da rashin lafiya, da kuma hatsari a wurin aiki. To, ko da yake dukansu uku suna raba ma'aikaci da aikinsa, ba da mudu ɗaya ake auna su ba. Ranakun yaji akan ƙirga su filla-filla, a buga su a jarida, a kai maganarsu majalisa. Ranakun jinya da na rauni kuwa sau da yawa a bakin ramin da abin ya faru maganarsu kan ƙare.

Wannan maƙala za ta duba yadda al'amarin ya kasance a Nijeriya daga 1942 zuwa 1949, ta hanyar bin abubuwa uku da suka auku a jere: aikin tilas na haƙar kuza a ƙasar Jos, da babban yajin aiki na 1945, da rikicin mahaƙar kwal ta Inugu. Wuraren nan uku layin dogo ɗaya ne ya ɗinke su. A wancan lokaci kwal ɗin Inugu shi ke tafiyar da jirgin ƙasa, jirgin kuwa shi ke sauko da kuzar Jos zuwa bakin teku. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, littafin hukuma asarar mai ba da aiki yake ƙirgawa, alhali kuwa mafi yawan lokacin da ya salwanta a shekarun nan daga jikin ma'aikaci da gonarsa ya fita.

Aiki da Lokaci a Gargajiyance

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe ya san aiki ya kuma san muhimmancin lokaci, amma ba da agogo yake auna su ba. Shekararsa damina da kaka da rani da bazara ce, yininsa kuwa ya rarrabu tsakanin asuba da hantsi da azahar da la'asar da almuru. A tsarin gandu, 'ya'ya da ƙanne kan yi aiki a gonar gida daga safe zuwa wajen azahar, sa'an nan kowa ya nufi gayaunarsa. Idan ciwo ya kwantar da mutum ɗaya, sauran su ɗauke masa kunyarsa, kuma ba a rage masa tuwo don bai fita ba. Idan ciwon ya daɗe har gona ta nemi fin ƙarfin gida, sai a kira gayya. Wannan ba ya nufin cuta ba ta yin ɓarna. Kurkunu, alal misali, ya shahara da kwantar da manoma daidai lokacin da gona ta fi bukatarsu. Sai dai asarar ta gida ce gaba ɗaya, tare ake ɗaukar ta, ba a kuma yanke ta daga rabon majinyaci shi kaɗai.

Haka nan Bahaushe ya san barin aiki don nuna rashin yarda, ko da yake a cikin gida ya fi sanin sa. Idan mace ta ga mijinta ya tauye mata haƙƙi, takan tattara 'yan kayanta ta tafi gidan iyayenta. Wannan shi ne yaji. Yaji ba saki ba ne, domin igiyar aure tana nan, abin da aka janye kawai shi ne girki da sauran hidimar gida, har sai miji ya ji a jikinsa ya aika biko. Da sabon al'amari ya zo na ma'aikata su ajiye kayan aiki baki ɗaya, sai Hausawa suka ari wannan kalma suka ce yajin aiki. Aron kuwa ya dace ƙwarai, domin ya ƙunshi abubuwa uku da ke cikin kowane yajin ma'aikata: akwai haƙƙin da aka tauye, akwai niyyar komawa, akwai kuma jiran biko. A fahimtar mai harshen ke nan, laifin ranakun da suka wuce ba a ɗora tukunya ba, ba a kan mai yaji kaɗai yake ba.

Shigowar Agogo da Littafin Tankifa

Aikin da ake biya bisa ƙirgen rana ya shigo Arewa sosai ne tare da diga da kwano. An shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, aka kuma ja wani ƙaramin layi daga Zariya zuwa ƙasar Jos wanda ya isa Bukur a 1914. A daidai wannan lokaci kamfanonin Turawa suka yi ta kwararowa ƙasar Jos don haƙar kuza, bayan da ma'aikatan Kamfanin Neja suka kafa sansani a Naraguta a farkon ƙarnin. A Kudu kuwa an gano kwal a yankin Udi a 1909, aka fara haƙa a 1915, layin dogo kuma ya haɗa wurin da Fatakwal a 1916.

A waɗannan wurare ne sababbin kalmomi suka shigo bakin mutane: lebura, da heluma, da akawu, da tankifa, da sati. Tankifa shi ne mai riƙe da littafin da ake yi wa kowane lebura alama idan ya fito. Ranar da babu alama babu kuɗi, ko da me ya hana mutum fitowa. Littafin ba shi da gurbin tambayar dalili. Da wanda zazzaɓi ya kayar, da wanda ƙasa ta rufta wa, da wanda ya gudu gida, duk abu ɗaya ake rubuta musu, watau ba su zo ba.

Dokokin da suka shafi ma'aikata sun makara ƙwarai. Ko da yake tun a 1897 leburorin ma'aikatar ayyuka ta Ikko suka yi yaji a kan albashi da sa'o'in aiki, sai a 1938 aka yi dokar da ta amince da ƙungiyoyin ƙwadago. Dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni sai a 1941 aka kafa ta, Ma'aikatar Ƙwadago kuwa sai a 1942 ta tsaya da ƙafarta. Ke nan an yi fiye da shekara 30 ana haƙar kuza kafin a sami doka ta musamman da ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin raunin ma'aikacinsa.

Kuzar Jos: Lokacin da Cuta ta Cinye

A watan Disamba na 1941 sojojin Japan suka faɗa wa Malaya, a watan Fabrairu na 1942 kuma Singafo ta faɗa hannunsu. A wancan lokaci Malaya ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da kuza, kuza kuwa ba a iya yaƙin zamani sai da ita, domin da ita ake lilin gwangwanin abinci, da ita ake like wayoyi da sassan injuna. Da Ingila ta rasa wannan taska, sai ta juyo kan Nijeriya. Kamfanonin Jos suka ce za su iya ƙara haƙa idan aka ba su mutane, amma a kan ladan da suke biya ba za a sami masu zuwa don raɗin kansu ba. Maimakon a ƙara lada, sai gwamnatin Gwamna Bourdillon ta zaɓi tilas.

Akwai yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1930 wadda ta hana a sa mutane aikin tilas don amfanin kamfanoni masu zaman kansu, Ingila kuwa ta sa mata hannu. To amma yarjejeniyar ta bar ƙofa ga halin yaƙi, ta wannan ƙofa kuma aka bi. Umurni ya sauko daga Razdan zuwa ga sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, kowa da adadin da aka yanka masa. Aka ɗebo mutane daga lardunan Arewa kamar su Sakkwato da Katsina da Zazzau da Bauci da Barno da Binuwai, kowane rukuni zai yi wajen wata huɗu sa'an nan a sauya shi da wani. Talakawa suka sa wa abin suna diban gwamna. Kamar yadda aka saba a irin wannan hali, mai gata da mai abin hannu sukan sami mafita, nauyin sai ya faɗa kan wanda ba shi da kowa. Daga 1942 zuwa 1944, kusan mutum 100,000 ne suka bi ta wannan hanya.

Mutumin da aka ɗauko daga ƙasar zafi irin ta Sakkwato, aka kai shi tudun da ya haura ƙafa 4,000 daga bakin teku, abu na farko da zai fara gamuwa da shi shi ne sanyi. Bukkokin da aka tanada na ciyawa ne, sun yi kaɗan, da damina kuma suna yoyo. Barguna ba su wadata ba. Aikin kansa ɗaukar ƙasa ne a kwano daga ƙasan rami zuwa wurin wanki, sau da yawa cikin ruwa da taɓo. Abinci kuwa ya zama babbar matsala, domin ƙasar Jos ba ta iya ciyar da wannan taro. Dole gwamnati ta shiga karɓar hatsi daga manoman wasu larduna a kan farashin da ita ta yanke, a daidai lokacin da wasu sassan Arewa ke fama da yunwar nan ta 1942 da ake kira 'Yar Gusau. Ke nan ƙauye ya ba da majiya ƙarfinsa, sa'an nan ya bi su da hatsin rumbunsa.

Inda aka haɗa yunwa da sanyi da cunkoso, cuta ba ta bukatar gayyata. Ciwon huhu da atuni da sanƙarau suka yi ta kayar da mutane. Wurin da ya fi ƙaurin suna shi ne madatsar ruwa ta Tenti, wadda aka gina don ƙara wa mahaƙai wutar lantarki. Ɗaruruwan mutane sun mutu a sansanonin, ban da waɗanda aka sallama da ciwo a jikinsu suka ƙarasa a hanya ko a gida, waɗanda babu littafin da ya bi sawunsu. Wasu dubbai kuwa ba su jira wa'adi ba, sai suka sulale da dare suka kama hanyar gida a ƙasa. Waɗannan mutane ba su da ƙungiya, ba su da sakatare, ba su miƙa wa kowa takardar koke ba, amma gudun da suka yi shi ne yajin da ke cikin ikonsu.

Abin tambaya shi ne, me aka samu? A 1943 aka kai ƙololuwar haƙa, inda aka fitar da fiye da tan 17,000 na kuza. Sai dai idan aka dubi yawan mutanen da aka ƙara, ƙarin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Abin da kowane lebura ke fitarwa ya ragu ƙwarai, domin mayunwaci da majinyaci da wanda zuciyarsa ke gida ba su yin aikin kirki. Masanin tarihi Bill Freund, wanda ya wallafa bincikensa kan ma'aikatan kuza a 1981, ya nuna cewa shirin bai biya bukatar da aka ƙirƙiro shi dominta ba. Wasu 'yan majalisa na jam'iyyar Leba a Ingila suka yi ta sukar sa, daga bisani aka soke shi a 1944.

Yajin 1945: Lokacin da Aka Ƙirga

Yaƙin da ya kai manoma ramin kuza shi ne kuma ya matse ma'aikatan birane. Kayan ƙasashen waje suka yi wuya, farashin abinci da kuɗin haya suka yi ta hawa. A 1942 gwamnati ta amince da wani ƙarin kuɗi na tsadar rayuwa, wanda ma'aikata ke kira kola, amma kafin a je ko'ina tsada ta haɗiye shi. A wannan shekara kuma aka yi dokar yaƙi da ta hana yajin aiki. A farkon 1943 aka tsare Michael Imoudu, shugaban ƙungiyar ma'aikatan reluwe, ba a sake shi ba sai da yaƙi ya ƙare a Turai. Ya komo Ikko a farkon watan Yuni na 1945, jama'a suka yi masa gagarumar tarba.

Bukatun ma'aikata a bayyane suke. Suna son a ƙara kola da kashi 50 cikin 100, a kuma mai da ladan lebura mafi ƙanƙanta sule biyu da sisi a rana. Abin da ya ƙara musu haushi shi ne ganin ana ba Turawa ma'aikatan gwamnati wasu alawus na musamman, su kuwa ana ce musu ƙarin kuɗi zai ƙara tsada ne kawai. Gwamna Richards yana hutu a Ingila, muƙaddashinsa Whiteley kuwa ya ƙi bukatun. Wasu shugabannin ƙwadago suka so a jinkirta, amma ma'aikata suka bi ra'ayin Imoudu. Ranar 22 ga Yuni, 1945 aka wayi gari babu jirgi a kan dogo.

Ƙungiyoyi 17 ne suka shiga, mafi yawansu na ma'aikatan gwamnati: reluwe, da gidan waya, da tashar jiragen ruwa, da ma'aikatar ayyuka, da maɗaba'a. Ƙiyasin yawan masu yajin ya kama daga 30,000 zuwa sama da 40,000. Labari ya bi layin dogo ya hau Arewa, aiki ya tsaya a manyan tashoshi irin su Zariya da Kaduna da Kano. Gwamnati ta yi barazanar kora, ta gurfanar da wasu shugabanni a gaban shari'a, ta kuma rufe jaridu biyu na Nnamdi Azikiwe a watan Yuli saboda goyon bayan da suke bai wa ma'aikata. Duk da haka yajin bai karye ba, domin mata 'yan kasuwa sun yi ta ba da abinci bashi ko da rangwame, wasu masu gidajen haya kuma suka ɗaga wa 'yan haya ƙafa. An kwashe kwana 44 a Ikko kafin a koma aiki a farkon watan Agusta, a wasu larduna ma an ɗan haura haka.

Biko ya zo ta hanyar hukumar bincike a ƙarƙashin Tudor Davies. Rahotonta na 1946 ya tabbatar da cewa tsadar rayuwa ta zarce abin da ake biya, ya kuma ba da shawarar a ƙara kola da kashi 50 cikin 100, watau abin da ma'aikata suka nema tun da fari. A nan akwai abin lura. Da an ba da a watan Yuni abin da aka bayar bayan shekara guda, da ranakun nan ba su salwanta ba. Saboda haka, rubuta su a matsayin asarar da ma'aikata suka jawo, rabin gaskiya ne kurum.

Kwal ɗin Inugu: Hatsari da Jira

Aikin kwal ya bambanta da na kuza ta fuskar cewa a ƙarƙashin ƙasa ake yin sa. Mahaƙi kan shiga rami mai zafi da ƙarancin iska, ya yi ta sara da diga a sunkuye, yana shaƙar ƙurar da kan taru a huhu ta hana numfashi bayan shekaru. Rufin rami kan rufto, amalanken kwal kan murƙushe ƙafa, nakiya kan tashi ba a shirya ba. Dokar diyya ta 1941 ta kawo sauƙi ga wanda ya rasa hannu ko ido a gaban shaidu. Amma ciwon da ya shiga jiki a hankali, wanda sai bayan mutum ya koma ƙauye yake bayyana, da wuya a danganta shi da wurin aiki, balle a biya shi.

Akwai kuma wata asarar lokaci a Inugu wadda ba yaji ba ce, ba cuta ba ce, ba kuma hatsari ba. Hukumar mahaƙar takan rubuta sunayen mutane fiye da waɗanda take bukata, sa'an nan kowace safiya a zaɓi waɗanda za su shiga rami. Mutum ya yi sammako, ya tako mil da yawa daga ƙauyensu, ya tsaya a layi, a ce masa yau babu gurbi, ya juya hannu rabbana. Yininsa ya tafi, bai yi noma ba, bai kuma sami lada ba. Wannan tsari ya amfani hukuma, domin duk ranar da wani ya kwanta ciwo ko ya ji rauni akwai mai maye gurbinsa nan take, don haka jinyarsa ba ta bayyana a matsayin asara a littafinta. Bayan da aka daina tsarin, ma'aikata suka tsaya a kan cewa suna bin bashin ranakun da aka sa su jira, wannan kuwa yana cikin manyan abubuwan da suka hura wutar rikicin 1949.

A watan Nuwamba na shekarar, mahaƙa a ƙarƙashin ƙungiyarsu, wadda Okwudili Ojiyi ke wa sakatare, suka shiga jan ƙafa wajen aiki: suna fitowa, amma abin da suke haƙowa kaɗan ne. Hukuma ta kori wasu daga cikinsu, su kuwa suka zauna a wurin aiki suka ƙi tashi. Gwamnati ta ji tsoron kada nakiyoyin da ke ajiye su faɗa hannun 'yan siyasa masu zafin ra'ayi, sai ta tura 'yan sanda su kwashe su. Ma'aikata kuwa suka ɗauka kwashe nakiya share fage ne na rufe mahaƙar. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, a mahaƙar Kwarin Iva, wani babban jami'in 'yan sanda Bature mai suna F. S. Philip ya ba da umurnin buɗe wuta. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Tarzoma ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Anaca da Kalaba. Hukumar bincike ta Fitzgerald ta ce jami'in ya yi kuskuren hukunci, ta kuma zargi shugabancin ƙungiyar da yadda ake tafiyar da mahaƙar. A 1950 aka miƙa harkar kwal ga wata sabuwar hukuma.

Kwatanta Lissafi

Yana da kyau a ɗora abubuwan nan a sikeli ɗaya, ko da a ƙiyasce ne. Idan aka ɗauka mutum 40,000 ne suka yi yajin 1945, kowannensu kuma ya yi kwana 44, jimilla ta kama ranaku 1,760,000. Wannan adadi ne mai yawa, ya kuma girgiza gwamnati har Ingila. To, idan aka ɗauki mutum 100,000 na diban gwamna, aka ce kowanne ya bar gida kwana 100 kacal, watau ƙasa da wa'adin da aka yanka, jimilla ta kama ranaku miliyan 10. Waɗannan ranaku a littafin kamfani riba ce, domin an yi masa aiki a cikinsu. A ƙauyen da aka ɗebo mutanen kuwa, duk wanda zuwansa ya faɗo cikin damina ya bar gona ba shuka ko ba noma, sai abin da tsofaffi da mata da yara suka iya. Ba a kuma sa ranakun jinya bayan komowa a cikin wannan lissafi ba, balle shekarun da suka rage wa wanda ya mutu yana saurayi.

Dalilin wannan bambanci ba boyayye ba ne. Yaji yana tsai da jirgi, saboda haka mai jirgi yana jin sa a aljihunsa tun ranar farko. Cuta da rauni kuwa ba su tsai da komai muddin akwai wani a bakin ƙofa yana jiran gurbi. Inda mutum ya yi araha, ciwonsa ma araha gare shi. Ƙauye shi ne ya zama asibitin kamfani da gidan fanshonsa, ba tare da an biya shi ko anini ba.

Kammalawa

Shekarun da suka biyo baya sun kawo gyare-gyare. An yi dokar masana'antu a 1955 wadda ta tanadi duba lafiyar wuraren aiki da ba da rahoton hatsari. An sabunta dokar diyya a 1987, sa'an nan a 2010 aka maye gurbinta da wata wadda ta wajabta wa masu ba da aiki zuba kashi ɗaya cikin 100 na albashin ma'aikatansu a wani asusu, ta kuma haɗa da cututtukan da aiki ke haifarwa. Amma doka tana kare wanda sunansa ke cikin littafi ne, mafi yawan masu aikin ƙarfi a ƙasar nan kuwa, daga ɗan dako zuwa mai haƙar ma'adini da hannu, ba su cikin littafin kowa.

Tarihin shekarun 1942 zuwa 1949 ya nuna cewa ma'aikatan da aka saurara su ne waɗanda suka iya sa asararsu ta zama asarar hukuma. Ma'aikatan reluwe sun yi haka da yajin kwana 44, aka kuwa yi musu biko. Mahaƙan Inugu sun nemi a biya su ranakun jira, sai da jini ya zuba aka dube su. Mutanen diban gwamna kuwa sun koma ƙauyukansu ba diyya ba godiya, abin da suka bari a ƙasar Jos shi ne kaburbura da tafkunan da ruwa ya cika a tsofaffin ramuka. Saboda haka duk mai nazarin da ya ci karo da adadin ranakun aikin da aka yi asara a wata tsohuwar takarda, ya kamata kafin ya kwafe shi ya tambayi wanda ya yi ƙirgen, da kuma wanda aka bari a waje.